Haƙoran Hajjo

Zayyad yana kankare busasshen gam da bakin wuƙa, kakarsa Hajjo tana zaune a benci, ta rufe baki da gefen mayafi. Tun da ta sauka daga motar Masanawa ba ta buɗe shi sosai ba.

Haƙoranta na roba ne suka faɗi wajen alwala, suka rabe biyu. Ta aiki a sayo mata gam ɗin da ake liƙa takalmi, ta haɗa su a karkace. Na gaba guda ya ɓalle, kafin ta sunkuya kaza ta haɗiye. Shi ne ta ƙullo sauran a haɓar zani ta taho Gwarzo, shagon da jikanta ke gyaran haƙora.

"Amarya, wa ya ba ki shawarar gam?"

"Yi aikinka, mijin banza," ta ce ta cikin mayafi.

Gobe ake suna a Kabo, gidan ƙaninta, kuma a danginsu ba a taro sai da guɗar Hajjo. Duk Masanawa, ban da marigayi mijinta, babu wanda ya san haƙoran nan ba nata ba ne. Ta ce in ba su gyaru yau ba, za ta aika a ce zazzaɓi ya kwantar da ita.

Zayyad ya daidaita ɓarin biyu, ya kafa su a filasta, farin kwaɓin nan mai daskarewa kamar siminti. Ya tsaya gaban kanta yana duban gwangwanaye biyu na garin roba. Na farko sai an dafa, ya fi ƙarko, shi ya fi so, amma ba zai kammala ba sai gobe da rana. Na biyu a sanyi yake daskarewa, sai dai bai kai wancan ƙarfi ba, ga tsohuwa ba ta rabuwa da goro. Can ya ɗauko na biyun, ya yanko siririyar waya, ya lanƙwasa ta, ya binne a tsagin don ta riƙe.

Saura haƙorin da kaza ta ci. Ya jawo akwatin sababbin haƙora ya yi ta gwadawa. Nata duk goro ya rine su ja, na akwati kuwa farare tas. Ya zaɓi wanda ya fi duhu, duk da haka yana ƙyalli a tsakaninsu kamar baƙo. Ya gaya mata gaskiya: launin da ya dace sai an aika Kano.

Ta jira har ya kafa shi, ya goge, ya wanke, ya miƙa mata bayan la'asar. Ta juya baya ta sa, ta motsa baki, sannan ta karɓi madubi. Ta daɗe tana kallo.

"In an tambaya," ya ce, "me za ki ce?"

"Wa zai tambaya? Ni ce babba a gidan."

Ta saki mayafin. Ya roƙe ta kada ta tauna abu mai tauri sai an kwana. Ta ce to. Ta kwance ƙullin zani ta fito da jan goro, ta ce ya ara mata wuƙarsa. Ta kankare shi ya yi laushi a tafin hannu, ta dangwala da yatsa, ta shiga goga wa sabon haƙorin.

Zayyad ya riƙe mata madubin.