Layi Ɗaya a Kan Madubi

Madubin farko ya tsage ta inda ba a so. Tsagar ta bar layi, ta yi kwana, ta tafi abinta har gefe.

"Kai!" in ji mai gyaran gashi, wadda ke zaune a benci tana jiran madubin shagonta. "Maigida, wannan ne gwanin da ka ce in jira?"

Mai shagon gilashin ya matso. Ya dubi mai yankan gilashi, ya dubi bango, inda madubi ɗaya tak ya rage a jingine.

"Ɓarnau, na riƙe maka gurbinka duk tsawon kwanciyarka. In wannan ma ya tafi, sai dai ka yi haƙuri in nemi wani."

Sunan ya same shi tun yana ƙarami, ranar da ya fasa kwalbar fitilar kawunsa. Kawu ya ce hannun nan ba don gyara aka halicce shi ba. Gida ya ɗauka, makaranta ta ɗauka, shi ma ya ɗauka. Ya girma ya fi kowa iya yanka a unguwar, amma ko gilashi nawa ya yanka lafiya, guda ɗayan da ya fashe shi yake kaiwa gida ya kwana da shi. Bara aiki ya yi yawa, matarsa ta kwanta asibiti, barci ya ƙaurace masa. Wata safiya ya kasa sauke ƙafa daga katifa. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Yayarsa ce ta ja shi wajen likita. Likita ta ce ciwon damuwa ne, ta ba shi magani, ta riƙa zama da shi suna magana. Ita ta tambaye shi, muryar da ke ce masa bai iya komai ba, ta wa ce? Ya ce tasa ce. Ta ce ya sake saurara.

Yanzu ga muryar ta iso. Ka gani? Dama an faɗa. Ya hango hanyar komawa gida sarai: ƙofa, mota, katifa, labule a sake.

Ya tsaya ya saurara. Muryar kawu ce, har da ɗan tarin nan nasa. Kawun da bai taɓa riƙe abin yanka ba.

Ya sunkuya kan madubin da ya tsage, ya bi shi da yatsa. Layi biyu ne kusa da juna. Ya ja na farko, ya yi shakka, ya koma ya sake bi. Gilashi kuwa ba ya yafe maimaici.

"Sau biyu na bi layin," ya ce. "Abin da ya faru ke nan. Ba wani abu ba."

"Ni ko sau nawa ne," in ji mai gyaran gashi. "Matan da ke zuwa wajena a murfin tukunya suke duba kansu."

Dariya ta kuɓuce masa, ta ba shi mamaki shi kansa.

"Maigida, kama min can."

Suka kwantar da madubin a tebur. Ya goge shi, ya auna, ya aza rula, ya tsoma bakin abin yanka a kananzir. Ya ɗora shi a jikin rula. Ya danna, ya ja daga gefe zuwa gefe ba tsayawa. Ƙarar ta fito siririya, kamar ana yaga sabon yadi.

Sake bi, in ji muryar kawu a kansa. Yankan bai shiga ba.

Ya ajiye abin yankan. Ya jawo madubin zuwa bakin tebur, ya dafa, ya danna ƙasa.

Ƙas.

Gefen ya fito santal. Mai gyaran gashi ta taso, ta leƙa fuskarta a ciki, ta gyara gira.

"To, Malam, na janye. Wannan hannu a shafa masa turare."

"Ɓarnau ke nan!" in ji mai shago, baki har kunne. "Ɓarnau, ɗauko takarda mu naɗe."

Mai yankan gilashi ya ci gaba da goge gefen madubi. Bai waiga ba.

"Ɓarnau, da kai nake."

"Ba ya nan, maigida. Kira ni da sunana."

Mai shago ya buɗe baki, ya tsaya. Ya sosa ƙeya. Shekara da shekaru suna tare, sai yanzu ya gane bai taɓa tambayar sunansa na gaskiya ba.

Mai yankan gilashi ya faɗa masa. A fili, sau ɗaya.