Makullin Firij a Aljihun Shugaba

Ƙwaƙwalwa tana da shingenta, in ji likita, kuma ba ta san alfarma ba: magani ya biyo jini ya zo, ta ce ya koma inda ya fito. Shi ya sa ƙarin da ke cikin kan wani tela yake ta ƙiba duk da alluran da ya sha. Sista mai jinyarsa ta ji wannan bayani har ta haddace shi. Yanzu asibiti ya sayi na'urar da ke aika sauti cikin kai, ta sassauta shingen na awa huɗu. Cikin awa huɗun nan za a ɗura magani, in an kuskure sai bayan wata guda. Tela kuwa hannunsa na dama ya riga ya fara sakin almakashi.

Ƙarfe tara aka gama aika wa tela sautin, shinge ya buɗe. Sista ta nufi ɗakin magani da sauri, ta tarar da firij da ƙaton kwaɗo.

"Makulli yana wurin Shugaba," in ji mai ba da magani, yana ɓare lemo. "Ya ce da hannunsa zai miƙa kwalbar farko, a ɗauki hoto."

Shugaban asibiti yana ɗakin taro, yana gaya wa manyan baƙi yadda ya karya shingen ƙwaƙwalwa. Mutumin da ko wurin kunna na'urar bai sani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sista ta rubuta takarda ta ba mataimakinsa. Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu, ya ci gaba da tafi. Ƙarfe sha ɗaya Shugaba bai gama gaida baƙi ba. Sha biyu ya shiga labarin ƙuruciyarsa, yadda malamansa suka ga alamar girma a goshinsa. Ran Sista ya ɓaci, ta hau dandamalin ba tare da an kira ta ba.

"Ranka ya daɗe, makullin firij."

Ya rufe bakin lasifika da tafin hannu. "'Yar nan, ba a koya miki ladabi ba?"

"An koya min, ranka ya daɗe. Saura awa ɗaya."

Ya lalube aljihun dama, ya lalube na hagu. Ashe makullin yana cikin kwat ɗin da ya cire da safe, don ba ta yi masa kyau a hoto ba. Kwat tana mota, direba kuma an aike shi ɗauko allon da aka zana sunan Shugaba.

Sai ɗaya da rabi Sista da mai gadi suka fasa kwaɗon da guduma. Likita ya dubi agogo, ya ɗura maganin duk da haka, bai dubi idon kowa ba.

'Yar tela ta kama gefen rigar Sista. "Anti, ya shiga kuwa?"

Sista ta gyara ledar ruwan da ba ta bukatar gyara.

Ƙarfe biyu Shugaba ya shigo da baƙi da mai hoto, bayan ya tsaya a hanya ya tambayi wanda ya lalata kwaɗon asibiti. Ya tsaya a kan tela yana fara'a.

"Baba, ɗaga hannu ka gaida jama'a."

Tela ya yi ƙoƙari, mutum ne mai biyayya. Yatsun suka ɗan motsa a kan zanen gado, suka kwanta.

"Ba komai, Baba," in ji mai hoto, "ɗaga na hagun."