Akushi Mai Murfi

Ɓawon icce na ta tsalle yana faɗawa cikin ƙoran matan da suka kawo niƙa, su kuwa sai Allah ya isa suke, amma Maharazu ko a jikinsa. Ya ɗaura bel ɗin injin sassaƙarsa a jikin injin niƙan garinsu Sheme, gungumen ɗanyen iccen kawo na juyawa kamar mazari, yana bin sa da kaifin ƙarfe.

Ubansa ne Sarkin Sassaƙa, ya rasu da damina. Yau mai gari zai ba wani sarautar, ko shi ko abokin sana'arsa Labaran, kowa ya kawo aikinsa a gani. Labaran dai gizagonsa ya sani. Maharazu kuwa ya ga arzikin fetur ya shigo, mata duk sun koma kwanon samira, sai ya sayar da bijiminsa ya sayo inji a Funtuwa, ya rantse sai ya yi akushi mai murfi.

Kuma wallahi ya yi. Sumul, ba tabon gizago ko ɗaya, murfin na zama ɗaf. Tunda yake bai taɓa yin abin da ya so haka ba. Matarsa Barakatu ta tuƙa tuwon dawa da zafinsa ta zuba, ya rufe, ya ɗauko a ka.

A ƙofar mai gari an daɗe ana yaba akushin. Na Labaran kuwa yana gefe da faifai a kai, ko kallo bai samu ba. Mai gari, wanda bai karya ba tun safe, ya wanke hannu ya ce, "To bisimilla, buɗe mani."

Maharazu ya ja murfi. Shiru. Ya murɗa. Shiru. Ashe ɗanyen icce ya sha tururi ya kumbura, murfi da akushi sun zama uwa ɗaya uba ɗaya.

"Ranka shi daɗe, ingancin ke nan," in ji shi, zufa na tsattsafo masa. "Ko ƙuda bai shiga."

"Na ga alama," in ji mai gari. "Ni ma ban shiga ba."

Aka kira Gide mahauci, ƙato ne. Ya matse akushin a cinya ya yi nishi har tazugensa ya tsinke. Liman ya tofa addu'a. Ƙamshi kuwa na bulbulowa ta wani ɗan saƙo, cikin mai gari na amsawa.

"Kai, ni na gaji," in ji mai gari. "Maharazu, amshi gizagon Labaran ka fasa shi mu ci. In ka fasa, sarautar ubanka taka ce."

Labaran ya miƙo gizago yana murmushi. Maharazu ya karɓa, ya ɗaga, ya dubi akushin. Har yanzu da ɗuminsa. Zuciyarsa ta karye, idonsa ya cika da ƙwalla. Ya ajiye gizagon a hankali gaban Labaran.

"A ba shi, ranka shi daɗe. Ni ban iyawa."

Ya rungumi akushinsa ya kama hanyar gida. Ya kusa shan kwana ya ji muryar mai gari daga baya:

"Kai Maharazu! Sarautar ka bari, mun ji. To tuwon fa?"