Sunan Malam Ya Koma Awara

Ranar Asabar, sha huɗu ga watan Mayu, ƙarfe goma da kwata na safe — Malam Yoshizumi na riƙe da ranar nan kamar yadda ya riƙe rajistar aji shekara talatin da takwas. Ranar aka raba faifan CD a ɗakin taron unguwa, tsofaffi sittin masu koyon kwamfuta, kowa da nasa. Ka zura shi ka kunna, tsarin kwamfuta na Linux ya tashi daga kan faifan, bai taɓa komai na cikin kwamfutarka ba, ga darussan Malam a jere. Wata huɗu suna haɗa faifan, shi da Narahashi, tsohon ɗalibinsa, wanda yanzu har furfura ta fara fito masa... Aka kunna. Shafin farko, "Wanda ya tsara darussa" — sai farin akwati mai kusurwa huɗu a inda harafin farko na sunansa, Yoshi, zai zauna.

Awara. Wai haka masu kwamfuta ke kiran akwatin da ke fitowa in babu harafi, don kamarsu ɗaya. Wa ya tambaye su? Jiya ma a wurin jiran mota, matar mai kantin shinkafa, har da sunkuyawa: "Malam Awara, an tashi lafiya?"

Yanzu ga shi gaban kwamfuta yana rubuta wa kwamitin unguwa takardar ƙorafi, shayi ya huce a gefe. Da faifan ya tada ta, to da me zai tada ta?

"Wuri ne babu, Malam," in ji Narahashi ranar, yana sosa ƙeya. "Na cire babban kundin haruffa na sa ƙarami, harafinku ba ya ciki. Ku sa Yoshi ɗin da kowa ke sawa mana, tsayin layi ɗaya ne fa bambancin."

Tsayin layi ɗaya. A rubutun ƙasarsu Yoshi harafi ɗaya ne, mai layi biyu a kwance daga sama. A Yoshi na kowa layin sama ya fi tsawo, alamar jarumi ke nan. A na gidansu na ƙasan ne ya fi, alamar ƙasar noma ke nan. Babansa, hannu duk taɓo, yana riƙe masa alkalami... mu manoma ne, ja na ƙasan, ƙara ja. Haka yake a jikin dutsen kabarinsa. Kuma Narahashi ne zai ce masa layi ɗaya? Narahashin da ke zama kusa da taga, wanda jan biro ya ƙare a kan littafinsa?

Faifai sittin. An buga, ba a gogewa. Suna gidajen mutane, jikoki na kunnawa...

Ya fara jera buƙatunsa a takardar. Na ɗaya, a karɓo su duka. Na biyu, a sake bugawa da cikakkun haruffa. Wuri kuwa a nemo shi, ai ba a rasa abin da za a — watan Maris, ruwa na zuba, Narahashi a bakin ƙofa da lema: "Malam, muryoyin darussan nan sun cinye wuri, ko mu rage biyu?" Me ya ce masa? Cire duk abin da za ka cire, ban da darussana. Duk abin da...

A'a. Bai ce sunansa ba. Ai mai hankali ya san... ya sani? Darussa sha biyu, huɗu a ciki kan yadda ake jan layin harafi daidai.

Ya gyara tabarau. Na uku: Narahashi ya miƙe a gaban mutum sittin ɗin nan, a ɗakin da abin ya faru, ya sunkuya ya ba shi haƙuri, a kuma liƙa a allon sanarwa.

Saura sa hannu. Ya buga sunansa.

Farin akwati ya fito a ƙasan takardar, yana kallonsa.