Kwaɓin da Zakari Ya Yi wa Surukarsa

A shekarar farin nan da shanu suka riƙa mutuwa a bakin rijiyoyi, Zakari yana aikin kuku a Damagaram, gidan wani Bature ɗan Italiya mai haƙa rijiyar burtsatse. Mutanen ƙauye suna kwararowa gari da ƙorai wayam a ka, shi kuwa yana gidan da ake yanke ɓawon burodi a zubar wai ya yi tauri. Abin yana ci masa rai, amma wa zai gaya wa? Bakin da ke ci ba ya magana.

Ran nan da hantsi Madan, matar Baturen, ta faɗo ɗakin girki. Wai baƙi za su zo kafin azahar, fiza take so, gurasar nan tasu mai faɗi da ake shafe wa tumatir da cuku a gasa. Ta buɗe mangaza, ɗakin ajiyar abinci, ta auno garin alkama, ta mayar ta kulle, ta rataya makulli a wuya. Ta ce, "Maza-maza!" Duk Hausarta nan ta fi ƙarfi.

Zakari ya fita bayan ɗaki zubar da ruwan wanke-wanke, sai ya hangi wata tsohuwa a gindin bishiyar dogon yaro ta juya masa baya. Da ya gane zanen, tasa ta kusa suɓuce masa. Inna Hajjo ce, uwar matarsa Fanta. Matar da duk kaka sai ta aiko musu da dammunan gero daga ƙauyensu Guna, yau ga ta wuya kamar sillen kara, ƙafa duk faso.

Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa daga nesa, ido a ƙasa.

"Inna, sannu da hanya. Yaya mutanen gida?"

"Lafiya lau, Malam," in ji ta, tana kallon katanga. Sunansa ba ya fita bakinta, shi ke auren 'yarta ta fari. "Na je gidan na iske kwaɗo. Maƙwabta suka ce tana layin rabon hatsi tun asuba, suka nuno mini nan. In ɗan huta ne kawai."

Lafiya lau! Da ƙafa ta zo, leɓɓanta sun tsage, muryar da ƙyar take fita. Wanda ya ga wannan fuska ya san cikin nan ya kwana biyu bai ga tuwo ba. Kuma Fanta, in ta dawo kafin la'asar an yi sa'a.

Ya kai mata ruwa ya ajiye, ya koma ɗakin girki zuciya na tafasa. Ba sauran komai a tukunya, mangaza a kulle. Abin da ke hannunsa garin Madan ne kurum. To, yau baƙin Madan za su ci fiza mai shara-shara kamar takarda, in sun ga dama su yi kuka.

Ya ɗebi ruwa mai ɗumi, ya zuba yis ɗin gwangwani da 'yan Kano ke kawowa, ya barbaɗa sukari kaɗan don ya tashi da wuri. Da ya yi kumfa sai ya juye a gari, ya sa gishiri da mai, ya hau murza. Yana dannawa yana naɗewa yana buga kwaɓin a kan tebur, duk haushin fari da na makullin wuyan Madan a kansa ya sauke. Ya rufe da tsumma ya kai rana. Ranar Damagaram ba ta da amfanin komai a shekarar sai wannan, kafin ya gama yanka albasa kwaɓi ya kumburo ya ɗaga tsumma.

Ya gutsuri rabo mai kauri ya faɗaɗa da tafin hannu, ya shafe da mai da tumatir da albasa, bai sa cukun Turawa ba don kada ya juya mata ciki. Nata ya fara shiga tanderu. Da ya gasu ya sa a kwano, ya rufe da faifai, ya kai ya ajiye inda hannunta zai kai.

"Inna, ga ɗan abin taɓawa."

"Alhamdu lillahi. Na ci a hanya."

Ta ci me a hanya, yashi? Amma Zakari ya san zancen. Suruka ba ta cin abinci a gaban mijin 'yarta, ko da ranta zai fita. Sai ya koma ciki, ya ja ƙofa, ya rufe tagar da ke kallon bishiyar, ya shiga buga tukwane da ƙarfi don ta san hankalinsa na wani wuri. Zafin tanderu ya cika ɗakin, gumi na zuba, bai damu ba. Ta ci kawai, ya Allah, ta ci.

Can ya ji ɗan motsin faifai. Ya saki numfashi.

Sai ga muryar Madan a bayan ɗaki tana ƙwala masa kira. Inna lillahi! Me ya kai ta can?

Ya fito ya iske Madan tsugune gaban tsohuwa, faifai a buɗe, gefen gurasar an ɗan gutsura. Hajjo ta janye hannu ta ɓoye cikin zane. Madan ba faɗa take yi ba, da ma faɗan ne da sauƙi. Tausayi ne ya kama ta, har da ƙwalla.

"Wace ce? Me ya sa ta daina ci?" ta tambaye shi da Faransanci.

"Uwar matata ce. Ba za ta ci muna tsaye ba. Madan, don Allah mu koma ciki."

Madan ta ce wannan ai shirme ne, mutum na mutuwa ana wata al'ada. Ta gutsuro loma ta kai bakin tsohuwa kamar mai ba jariri. "Ci, Mama, ci! Zakari, matso, gaya mata kai ka yi mata, gaya mata mun san tana jin yunwa." Garin gyaran gira za a rasa ido. Kalmar yunwar ma da Hausa ta faɗe ta, da ƙarfi, har ana ji a ƙofar gida.

Hajjo ta kau da kai, ta dafa bishiya ta miƙe. "Na gode, na ƙoshi. Bari in ƙarasa." Ta yi taku biyu, gwiwa ta lanƙwashe, ta dafa katanga. Rana ta take tsaka, daga nan zuwa gidan Fanta tafiya ce mai nisa.

A nan zuciya ta ɗebi Zakari. Ya sha gabanta a tsaye, ya dube ta ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun ranar da aka ɗaura masa aure.

"Kin ƙoshi da me, Inna? Ƙarya ce! Kunyar me? Kunya ce za ta kai ki gida? In kin faɗi a hanya in ce wa Fanta me, uwarki ta mutu da ladabi? Wallahi ba za ki fita gidan nan ba sai kin ci! Zauna!"

Madan ta ja baya, ba ta taɓa jin muryarsa haka ba.

Hajjo ta zauna. Ta jawo kwano. Lomar farko a hankali ta kai, daga nan kuma yunwa ta karɓi ragama. Hannu biyu ta sa, tana turawa tana haɗiyewa ba tauna, mai na gangarowa a haɓarta, tana sarƙewa tana ci gaba. Wani gutsure ya faɗi ƙasa, ta tsince shi da yashinsa ta jefa baki. Ta lashe kwano, ta lashe yatsu. Zakari yana tsaye kamar an dasa shi, ya ma manta ya juya baya. Sai da ta gama ya gane abin da ya kalla, kunya ta rufe shi har ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Tsohuwa ta goge baki da gefen zane. Ta ɗago ta dube shi, ita ma karo na farko.

"To, Zakari," ta ce, ta kira sunan ƙarara. "Ka gani. Hankalinka ya kwanta?"

Ya durƙusa. "Inna, ki gafarce ni. Bari in raka ki gida."

"Wane gidan? In zauna in riƙa haɗa ido da kai?"

Ta miƙe, yanzu ƙafar ta ɗauke ta. Ya bi ta har ƙofa yana roƙo, Madan na kiransa a baya wai ga motar baƙi ta iso. A bakin titi Hajjo ba ta yi wajen unguwarsu ba. Ta ja zane ta rufe kai, ta kama hanyar Guna, inda ba a bar ko ƙwayar gero ɗaya a rumbu ba.