Haƙarƙari Tara

Sabuwar hanyar bakin teku ta fara da fadamun gishiri na kudu, ta cinye rabin kududdufan jatan lande, sannan a wata na huɗu turakunta masu jan fenti suka hau tudun rairayin da ƙauyenmu ke binne mutanensa. A lardinmu haka abin yake. Duwatsu a yamma, teku a gabas, tsakaninsu 'yar siririyar ƙasa wadda titin jirgi da tsohuwar kwalta da gonakin shinkafa suka riga suka rabe. Duk abin da za a gina sabo, sai ya bi ta kan wani. Wannan karon matattu aka zaɓa, domin manyan motoci su kai tashar jiragen ruwa ba tare da sun ratsa kasuwar kifi ba.

Kowane gida ya kwashe nasa zuwa sabuwar maƙabarta a gindin dutse. Malama Nhan kaɗai ta rage har ranar ƙarshe ta wa'adi. Shekara talatin da uku ta yi tana koyar da labarin ƙasa, kuma babu yaron da ya ratsa ajinta bai ji ta tana cewa ruwa ba ya fushi ba, iska ce kawai take tafiya daga inda ta yi nauyi zuwa inda ta yi sauƙi. Da aka tambaye ta dalilin jinkirinta, sai ta ce ai babu abin kwashewa. Mijinta Kiem yana ƙasan teku tun guguwar da ta ɗauke mutum goma sha biyu a yini ɗaya, shekara talatin da ɗaya ke nan. Abin da ke cikin tudun kabarin iska ne, irin wanda muke yi wa wanda teku bai mayar da gawarsa ba: mutum-mutumin yumɓu tsawon kamu ɗaya, da tsinkayen itacen da tsutsar siliki ke cin ganyensa a matsayin ƙasusuwa, a kira kurwa ta shiga, a rufe a ɗan akwati.

"Laka ce," in ji ta. Ta sha faɗa a kasuwa, ta faɗa a gaban surukarta.

Amma ranar ɗaya da ranar sha biyar ga kowane wata, sai an ga malfarta tana hawa tudun. Takan kunna turaren tsinke uku, ta ajiye shinkafa da busasshen kifi, ta zauna a kan wani ɗan gurbin ƙasa da ya baje a gefe, ta yi ta magana ƙasa-ƙasa. Cewa take yi don motsa ƙafa take zuwa.

Da hantsin ranar ƙarshe ta hau tudun tare da mahaƙa biyu da tsoho Bay. Shi ne ya murza mutum-mutumin nan goma sha biyu da hannunsa a wancan lokacin, kuma shi kaɗai ya rage mai kiran kurwa a yankinmu. Yanzu ya haura tamanin, yana hawa yana tsayawa.

"Yaya Bay, in numfashin ya ƙare ka faɗa mini, ga ramuka nan birjik, ba sai an yi sabon haƙa ba."

"Ke dai Malama bakinki bai yi ritaya ba. Ni na zo ne don Kiem, mutumin kirki. Har yau ina mamakin abin da ya gani a wurinki."

"Ya ga mace mai iya karanta taswira."

"Ta yi masa amfani ƙwarai."

Nhan ta duba kewaye. Tudun ya zama abin da ba ta sani ba. Ko'ina ramuka a buɗe, an sare itatuwan da ke tare iska, teku ya fito fili fari tas. Can ƙasa katafila tana jira, injinta na gurnani. Injiniyar aikin ta taho da hular kwano a hannu. Quyen ce, 'yar mai gasa wainar shinkafa, wadda ta taɓa zama a layin gaba na ajin Nhan.

"Malama, barka da hantsi. Ina da izinin jira har ƙarfe uku. Daga nan ba a hannuna yake ba."

"Ke ce kika ja wannan layin?"

"Daga birni aka jawo shi, Malama."

"Na gani. Da ke ce, da ya karkace."

Aka kafa tampol don kada rana ta taɓa abin da za a fitar. Bay ya kunna turare, ya sanar da mai kabarin cewa za a sauya masa gida. Mahaƙan suka sa shebur. A zurfin ƙugu suka tarar da akwatin, katakonsa ya yi baƙi ya yi laushi. Da aka ɗaga murfin, yumɓun yana nan, ya tsattsage, fuskar ta shafe, ƙirjin ya rufta. Bay ya durƙusa da jan ƙyalle yana tsince tsinkayen ɗaya bayan ɗaya, yana jera su. Sai hannunsa ya tsaya. Ya sake bi ta kansu da yatsa.

"Mene ne?" in ji Nhan.

"Tara."

Ba ta buƙaci ƙarin bayani ba. Kowa a nan ya san namiji haƙarƙari bakwai ake sa masa, mace tara. Ita kanta ta yi wa ɗalibai ba'a da wannan, ta sa sun laluba ƙirjinsu sun ƙirga na gaskiya.

"Ka yi kuskure a ranar. Goma sha biyu ka yi cikin kwana biyu, kana kuka kana yi."

"Hannuna yana rawa yau, Malama. A lokacin ba ya yi. Tara sau ɗaya na sa, na Mien."

Mien. Nhan ta daɗe ba ta ji sunan ba. Mace ɗaya ce cikin goma sha biyun, wata shiru-shiru mai tsintar ciyawar teku a cikin kwale-kwalen kwando, igiyar ruwa ta ɗauke ta a bakin kogi. Danginta sun yi ƙaura kudu wajen gonakin kofi tun shekarar, babu wanda ya ƙara leƙowa.

Sai abin ya dawo mata daki-daki. Wata guda bayan jana'izar ambaliya ta share allunan katako da aka kafa a kan kaburburan, kowane gida ya zo neman nasa. Surukarta ta nuna wani wuri ta ce nan ne, ɗanta Kiem ya nuna mata a mafarki. Nhan ta yi dariya a gaban mutane. Ta ce ita ta auna ranar binnewa, taku goma sha huɗu daga itacen da ke kan tudu, a fuskanci teku. Ta taka a gabansu, ta kafa dutse. Wa zai ja da malamar labarin ƙasa?

"Yaya Bay," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Itace nawa ne a kan tudun nan kafin ambaliyar?"

Tsohon ya kalli kan tudun. "Biyu. Ruwa ya tafi da na arewa."

Ashe bayan ambaliyar daga ɗaya itacen ta ƙirga takunta. Nhan ta kalli agogon da ke hannun Quyen. Sha ɗaya ta gota. Laka ce. Ta faɗa wa kanta haka, kalmar da ta riƙe shekara talatin da ɗaya, amma yau ta ji ta fayau a bakinta. Idan laka ce, sai ta ɗauki wannan ta tafi, da tara da bakwai duk tsinke ne. Da ƙarfe uku katafila za ta daidaita tudun, a zuba tsakuwa, a malala kwalta, motocin ƙarfe da na kifi su yi ta bi dare da rana. A ƙarƙashinsu kuwa, a wani wuri da babu dutse babu suna, tsinke bakwai.

"'Yata, takardarki ta nuna sauran kabari a nan?"

Quyen ta buɗe taswirar a kan gwiwa. "Ɗari biyu da shida muka samu, Malama. Naki ne na ƙarshe. Wanda ya baje ba za mu gan shi ba, sai in wani ya nuna."

"Ina itacen arewa yake, Yaya?"

"Ki tambayi takunki mana, tunda ba ya ƙarya."

"Na ji. Ka rama. Yanzu nuna mini."

Bay ya ɗaga sanda ya nuna wani wuri, ya sauke, ya nuna wani. Bai sani ba. Mahaƙan suka gwada nan, suka gwada can, rairayi kawai. Rana ta take. Ɗayansu ya ce a bari haka nan, wai ai kurwa tana bin turare ne ba tsinke ba. Nhan ta ce masa ita ma ta iya irin wannan maganar, da ita ta ci abinci.

Ƙarfe biyu saura kaɗan, ta gaji da tsayuwa. Ta ja jiki zuwa ɗan gurbin da ta saba zama, ta zauna. Iska ta taso daga teku babu itacen da zai tare ta, hayaƙin turaren Bay ya kwanto ya bi ta gefen ƙafarta. Ta dafa ƙasar da tafin hannu kamar kullum. Wurin ya lotsa daidai zamanta, ciyawa ba ta taɓa tsirowa a kansa ba. Ta tuna yatsan surukarta. Tsohuwar tana tsaye a can, tana nuno nan.

Ta miƙe a hankali, ta matsa gefe.

"Ku haƙa nan."

Ba su kai ƙugu ba shebur ya bugi katako. Wannan akwatin ya fi lalacewa, murfin ya danne ciki. Bay ya ƙirga a fili, ita ma leɓenta na motsi tare da shi. Bakwai. Ya ƙara lalubawa cikin yumɓun, babu saura.

"Ashe tsohuwa ta yi gaskiya," in ji Bay.

"Wuri biyu ne, dole ɗayarmu ta dace." Amma ba ta ɗaga kai ba. Tana durƙushe, tana share rairayi daga fuskar da ba ta da ido ba ta da hanci. "Shekara talatin da ɗaya ina zaune a ƙirjinka, ko tari ba ka yi ba. Halinka ke nan."

Quyen ta juya ta kalli teku na ɗan lokaci. Da ta juyo sai ta ce wancan ɗayan, tunda babu mai shi, za a kai shi sashen waɗanda ba a san danginsu ba, a sa masa lamba.

Nhan ta kalli jan ƙyallen mai tsinke tara. Wannan matar ta ci shinkafarta sau biyu a wata. Ta ji labarin ciwon ƙirjin da Nhan ta ɓoye wa ɗanta, ta ji faɗan da aka yi da safen da Kiem ya fita, da kalmar ƙarshe da aka jefa masa a bakin ƙofa, wadda ba a taɓa gaya wa mai rai ba. Kiem kuwa daga ƙarƙashinta yake ji, in yana ji.

"Tana da mai ita. Rubuta sunana."

"A matsayin me, Malama? Akwai gurbin dangantaka."

Nhan ta ce, "Rubuta yaya. Ta girme ni da shekara biyu."

Suka gangaro ƙarfe uku saura kaɗan, mahaƙan na ɗauke da akwatuna biyu a ƙarƙashin lema, Bay na gaba yana kiran sunayen don kada su ɓata a hanya. A wajen turaku masu jan fenti muryarsa ta sarƙe, ya tsaya yana tari. A bayansu katafila ta fara hawa. Malama Nhan ta karɓi turaren daga hannunsa, ta wuce gaba, ta ci gaba da kiran, Kiem, Mien, da irin muryar da take kiran suna a aji, tana ɗan dakatawa bayan kowanne.