Ƙoren Zuliha

Atika ta sauke tulun man gyaɗa a ƙofar gidan Hamidu, wuyanta kamar zai karye. Tun asuba ta taso daga Jiratawa a ƙafa. Shekara biyu ke nan tana wannan zirga-zirgar, tun da aka tafi da mijinta aikin tilas na hanya, aka dawo mata da rigarsa kawai. Ta gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Hamidu maɗinki ne, mai furfura da sanyin hali. Ya yi gida a sabon Maraɗi, kan tudun da kumandan Turawan mulki ya mai da mutane bayan ambaliya. Wata uku yana zawarcinta, yau ya ce ta zo ta ga ɗakin da za ta zauna.

"Bismilla, shigo," in ji shi. "Ba abin da za ki kawo. Komi na nan."

Komai na nan kuwa. Ƙore a jere har kusan rufi, babu ƙura ko kaɗan. Ga zane a kan igiya, ga kwalli a bakin gado. Ɗakin matarsa Zuliha ne, wadda ta rasu bara.

Atika ta dubi gadon, ƙafafunta suka yi ta roƙonta ta ce to. Ita da ma gwanar "to" ce, da ita ta yi aure shekara ashirin. Kuma wa ke layi a kan bazawara mai shekara arba'in?

"Ina zan aje tukunyar suyata?"

"Wace suya kuma? Zuliha ba ta taɓa sana'a ba."

"Malam Hamidu, ni Atika nike."

Ta nuna ƙoren da ke jere.

"Ƙoren ga ba na 'yan uwanta na Tibiri ba ne? Mi ya hana a kai musu?"

"Ban iya taɓa su," ya ce a hankali. "Sai dai in goge."

Tausayinsa ya kama ta, don ita ma ta daɗe tana shinshinar waccan rigar.

"Ni na yi takabata, wata huɗu da kwana goma, na yi kuka har na ƙoshi. Kai hwa?"

"Haba Atika, maza na takaba?"

"Shi ya sa."

Ta naɗe gammo, ta durƙusa, ta ɗora tulunta ba tare da ta nemi a aza mata ba.

"Laraba kasuwar Tibiri. In ɗakin ya zama wayam, ka san hanyar Jiratawa."

Sai da ta kai bakin zaure ta waiwaya. Hamidu ya sauko da ƙwaryar sama, ya zauna a ƙasa rungume da ita, kafaɗunsa na rawa. Atika ta ja masa asabari don kada masu wucewa su gani, ta kama hanyar kasuwa.